Yadda ake bin salsalar gida daga Zangon Kumasi har ƙauyen kakanni

Ka tsayar da yaro a Aboabo ko Yalwa ko Sabon Zango, unguwannin Zango a Kumasi ta ƙasar Gana, ka ce masa "ku asalinku 'yan ina ne?" zai ce maka Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, wani ma ya ce Najeriya kawai ya yi shiru. To wannan bai isa amsa ba fa. Ƙasar Kano ƙauyuka ne ba iyaka, kuma da yawa cikin waɗanda suka tako da ƙafa zuwa Gwanja, arewacin Gana ta yau, neman goro ba 'yan cikin ganuwa ba ne, mutanen karkara ne, sai dai mutum in ya yi nisa da gida sunan babban gari yake faɗa tunda shi aka sani. Alhassan Dantata ma da ya yi fatauci har Ankara, babban birnin Gana, duniya ta san shi da Kano amma a Bebeji aka haife shi. Abin da zan nuna a nan shi ne yadda za ka sauko daga "Kano" ɗin nan har ka kai ga sunan ƙauye, da unguwa, da ƙofar gidan da kakan kakanka ya fito, da sunayen mutanen da ke tsakaninka da shi ɗaya bayan ɗaya. Ana iyawa wallahi, amma ba daga waya ake farawa ba, daga tsofaffin gida ake farawa kuma su ba jiranmu suke ba, duk shekara raguwa suke.

Fara da abin da ke kanka

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ba fallen takarda ba. Shafin farko ka rubuta cikakken sunanka, na babanka, na kakanka, ka yi ta hawa har inda ka tsaya, sannan ka buɗe wani shafi dabam na wajen uwa. Kowane mutum ka ba shi shafinsa shi kaɗai ko da suna kawai ka sani, ka bar wuri don sunan yanka, laƙabi, sana'a, matansa, 'ya'yansa, inda aka haife shi, inda aka binne shi. Kuma duk maganar da za ka rubuta daga yau ka sa a gefe wa ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Wannan abin kamar ƙarami ne amma nan gaba in labari biyu suka ci karo shi zai fisshe ka.

Zama da tsofaffi

Nan ne aikin yake, nan zan fi daɗewa. Mutane suna gudu wajen Alhajin gida, ba laifi, amma ni shawarata ka fara da mata. Goggo, Inna, kishiyar kakarka in tana raye, tsohuwar maƙwabciya da aka yi zaman gidan haya tare shekara da shekaru. Su ne suka san wa ya auri wa, wa aka saki, wane yaro ne riƙonsa aka yi ba ɗan gidan ba ne, wace ce aka kawo daga gida aka aurar a nan. Namiji zai lissafa maka maza a jere ya tsallake rabin dangi bai ma lura ba.

Kada ka je hannu rabbana. Goro, sabulu, sukari, ɗan abin koko, gwargwadon ƙarfinka. Lokaci mai kyau shi ne hantsi bayan an karya, ko tsakanin la'asar da magariba, kuma kada ka ɗebo abokai, kai kaɗai ko da jika ɗaya da take sakewa da shi. Ka nemi izini kafin ka kunna rikodin a waya, ka ce "Hajiya zan ɗauki muryarku don jikoki su ji", ka sa wayar kada kira ya shigo, ka ajiye ta kusa da ita ka manta da ita. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda, tsoho yana gajiya, in ya gaji kuma sai ya fara ce maka eh ga duk abin da ka faɗa.

Yadda ake tambayar ma akwai dabara. In ka ce "a wace shekara Kaka ya zo Kumasi?" ka kashe hirar, ba ta sani ba kuma za ta ji kunya. Ka ce "Hajiya, da kuna yara su wa ke sauka a gidan nan in sun zo daga gida?" ko "in za a aika saƙo gida wa ake ba, kuma wane gari ake cewa ya kai?" ko "wace kasuwa ce Kaka yake yawan ba da labarinta, ran wace rana take ci?" Tambayar kasuwar nan tana da amfani sosai don ƙauyen da ba a tuna sunansa ba sau da yawa ana tuna kasuwar da ke kusa da shi. Ka tambayi kogi, dutse, kuka ko tsamiyar da ake ambata, ka tambayi waƙar da ake yi wa yara ko ta daka ko ta niƙa, sunan gari yana ɓuya a cikin waƙa. Goggon babana ba ta taɓa taka Najeriya ba, ta ce ita ba ta san komai ba, amma tana tsinkar zogale a faranti sai ta kama waƙar raino da uwarta ke yi mata, a baiti na biyu ga sunan ƙauye ga sunan rafi, ita a wajenta kalmomin waƙa ne kawai.

Ka lura da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na ɗan farinta, ko na surukinta, za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan" ko "mai sunan Baba". Kada ka matsa mata, ka tambayi wani daga baya ko kai ka faɗi sunan ita ta ɗaga kai. Kuma duk inda ka ji ana kiran yaro Abba, Baba, Ummi, Inna, Maikano, to sunan wani babba ya ci, ka bi ka ji na wa, sau da yawa ta nan ake samun sunan kakan da ya ɓace.

In tsoho ya ƙi magana kada ka ɗauka rowa ce. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, Zango ya girgiza, an sayar da gidaje a wulaƙance, an raba wa da ƙane, wasu suka hau lori ba a sake ganinsu ba. Wanda ya ga wannan da idonsa har yau in ka ce "daga ina kuka zo" gabansa faɗuwa yake, balle yanzu da ɗan Zango kan sha tambayoyi wajen yin katin ɗan ƙasa ko fasfo. Ka kwantar masa da hankali cewa wannan na gida ne, ba ofis za ka kai ba, kuma ka cika alkawarin.

Wurin addu'ar uku, bakwai da arba'in, da suna da ɗaurin aure, nan dangi na Tamale da Ankara da Techiman da Ejura suke haɗuwa. Ba wurin yin hira ba ne amma wurin karɓar lamba ne da sanin wane tsoho ya rage a wane gari. Maroƙa kuma ka saurari kirarin da suke yi wa gidanku ka rubuta, akwai gaskiya a ciki, amma ka tuna kuɗi suke nema, kowa a bakinsu jikan sarki ne ko jikan madugu.

Sa shekara a jikin labari

Tsoho ba ya riƙe lamba amma yana riƙe abin da ya faru, aikinka ne ka haɗa. Na wajen nan Gana: Turawa sun ƙona Kumasi a 1874, yaƙin basasar Salaga da ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo 1892 ne, an kama Prempeh na farko, sarkin Tonawa wato Asante, a 1896 ya dawo 1924, yaƙin Yaa Asantewaa 1900, jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, annobar mura 1918, girgizar ƙasa ta Ankara 1939, husufin rana da gari ya yi duhu da rana tsaka 1947, tarzomar Ankara 1948, 'yancin kai 1957, an bar fam da sule aka koma sidi a 1965, an hamɓarar da Nkrumah a 1966. Na wajen gida kuma: basasar Kano ta fara 1893, shekarar da Rabe ya ci Kukawa ke nan, Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙin Satiru 1906, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. Don haka in aka ce maka "Kaka ya bar gida da ƙuruciya shekarar da Nasara suka shiga Kano", ka samu 1903, in aka ce "an haifi Baba ana yaye shi aka yi girgizar ƙasa" ka san wajen 1937 ne. Inda babu komai sai ka ƙiyasta shekara 30 tsakanin uba da ɗa, amma ka rubuta "ƙiyasi" a gefe, don masu mata huɗu autansu kan yi sa'a da jikokinsu.

Buɗe adaka

Kowane tsohon gida a Zango akwai akwatin ƙarfe ko adaka a ƙarƙashin gado da ba a buɗewa. Ka nemi izinin mai shi, a buɗe a gabansa, kada ka fita da komai, ka ɗauki foto gaba da baya a hasken rana ka mayar yadda ka samu. Abin da kake nema: takardar fili da sarkin Tonawa ya bayar, rasit na lampo wato haraji, tsohon fasfon aikin hajji, littafin sallamar soja, katin jam'iyya, katin asibiti, wasiƙun ajami da direbobin goro ke kawowa, kaset ɗin da 'yan uwa ke ɗaukar murya su aiko, da hotuna. Hoto ka juya bayansa, akwai hatimin mai ɗauka da garinsa, kuma tun tsohuwar tana raye ka sa ta nuna maka kowa da yatsa ka rubuta sunaye.

Abin da ya fi komai daraja shi ne gafakar malamin gida. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a takardar farko ko ta ƙarshe ta Alƙur'ani ko Risala ko Ishiriniya, da tawadar da ta koma ja-ja, layi a karkace a gefen shafi: an haifi wane ran Talata, goma ga watan Rajab, shekara kaza. A ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu kuma mai kwafa kan sa sunansa da na ubansa da na malaminsa, wani lokaci har nisbarsa, Alkanawi, Alkashinawi, Albarnawi, Azzakzaki. Ka yi alwala, ka shimfiɗa tsabtataccen zane, ka ɗaga takardun a jere don ba a ɗinke suke ba, in suka hargitse an shiga uku. In ba ka iya karatun ajami ko rubutun warash ba ka kai hoton wa tsohon malami, yaran Islamiyya na yanzu da yawa ba sa iya fitar da shi. Shekarar Hijira kuma ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1350 zai ba ka wajen 1931.

Kada sunan takarda ya ruɗe ka. Akawun Turawa da malaman makarantar boko yadda suka ji suke rubutawa, Ibrahim ya koma Braimah, Sa'idu ya koma Seidu, Husaini ya koma Fuseini, Umaru ya koma Imoru ko Moro, Muhammadu ya koma Mahama, Abubakar ya koma Bukari. Yaro kuma a kan sa shi makaranta da sunan kawunsa ko na maigidan da ke riƙonsa, sai zuriya guda ta tashi da sunan da ba na kakanta ba. A soja ma haka, ana liƙa wa mutum sunan gari ko ƙabila ne kawai, Musa Kano, Ali Moshi, Amadu Fulani, ko da can ba garinsu ba ne.

Alamun da ke jiki da baki

Duba fuskar Kaka a hoto. Aska tana magana, ta Gobirawa daban, ta Kabawa daban, ta Barebari daban, ta Arawa daban, kuma tsohon wanzami in ka nuna masa hoton zai gaya maka ta ina ce, har ya bambance maka tsagar gado da ta magani ko ta ado. Ka tambaya su wa ne abokan wasanku, don in gidanku da Zagezagi ake tsokana to Kanawa ne ku, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Sana'ar gado ma hanya ce, fawa, ƙira, wanzanci, dukanci, rini. In kuma an ce ku Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari to kun fito daga gidajen fataken goro na asali, Agalawa da Tokarawa sun fi yawa a karkarar Kano da Katsina, Kambarin Barebari kuma an san su da Gummi, ka ga fili ya ragu sosai. Duk waɗannan alamu ne ba hujja ba, amma in uku suka nuna waje ɗaya ka kama hanya.

Bi zango-zango, kada ka yi tsalle

Kuskuren da mutane ke yi shi ne daga Kumasi su yi tsalle sai Kano. Ba haka aka zo ba. Ayari kan taso ya bi ta Jega ko Yawuri ya haye Kwara, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya shiga Sansanne Mango, Yendi, sannan Salaga, tafiyar watanni da jakuna, kuma mutum kan yi shekaru a wani zango ya yi aure ya haihu kafin ya ƙara gaba. Zangon Kumasi bai cika ba sai bayan 1900. Na baya kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano sai suka riƙa gangarowa Ikko su hau jirgin ruwa zuwa Ankara ko Sekondi. To ka tambaya: kafin Kumasi ina aka zauna? In an ce Salaga ko Atebubu ko Kintampo ko Yeji, ka hau mota ka je, ka gaida Sarkin Zango da liman, ka faɗi sunan kakanka da laƙabinsa da sana'arsa. Sau da yawa akwai reshen gidanku da ya tsaya can, kuma su da ba su shiga hayaniyar birni ba sun fi riƙe sunan ƙauye. In Kete Krachi ce ka sani tsohon garin, inda babban malamin nan Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934, ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo, mutane aka kwashe zuwa sabon wuri, don haka mutane za ka nema ba gini ba.

A nan cikin Kumasi ma kada ka tsallake fadar Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu, na Moshi, na Zabarmawa, na Fulani, na Wangara da sauransu, da tsofaffin masu gidan goro da Sarkin Fawa. Baƙo in ya sauka a da wajen mutumin garinsu yake sauka, in ka gano maigidan da ya sauki kakanka ka kusa gano garinsu. 'Yan Ankara kuma su bi ta tsohon Zango na cikin gari da Tudu, da Sabon Zangon Malam Baƙo, kafin Nima da Mamobi da Madina waɗanda daga baya suka cika.

Ɗakin ajiye tsofaffin takardu

Wannan mataki ne na mai haƙuri. Hukumar adana takardun gwamnatin Gana, PRAAD, tana da babban ofis a Ankara da rassa a Kumasi da Tamale, akwai kuma ma'ajiyar takardu ta Manhyia, fadar sarkin Tonawa a Kumasi. Abin da ya fi amfani ga ɗan Zango shi ne littattafan shari'a, rigimar gado, rigimar fili, bashin goro, rigimar sarautar Zango, don mai ba da shaida yakan fara da sunansa da sana'arsa da inda ya fito. A Legon, cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Gana tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro daga malaman ƙasar nan. Ka tafi da katin shaida, da fensir, da jerin duk yadda za a iya rubuta sunan da kake nema, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar foto kafin ka ɗaga waya. Rajistar haihuwa da maƙabartar Tafo ko Awudome kada ka sa rai sosai, mutanenmu na da ba su cika yin rajista ba kuma kabarinmu ba a cika sa masa suna ba.

In sunan ƙauye ya fito

Kada ka yi murna tukuna. Sabon Gari, Tudun Wada, Unguwar Rimi, Gidan Kaza, Tungar Kaza, kowanne akwai shi a wuri goma. Sai ka haɗa da kasuwar nan da rafin nan da aka ambata maka, da sunan hakimin da ƙauyen ke ƙarƙashinsa. Ka duba taswirar waya, ka gwada rubutu iri-iri, in a Nijar ne ka tuna rubutun Faransanci ne, u ta koma ou, c ta koma tch. Wani ƙauyen ya tashi ya zama kufai, wani ruwan dam ya ci shi kamar na Tiga da Bakolori da Kainji, amma mutanensa suna nan kusa kuma galibi sun tafi da sunan. Ka shiga guruf ɗin 'yan ƙaramar hukumar a Facebook ka yi tambaya cikin ladabi, ko ka je tashar manyan motoci da kasuwar shanu da wajen masu albasa ka nemi ɗan yankin. Amma ga sharaɗi: kada ka zuba duk abin da ka sani. Ka faɗi sunan Kaka ka riƙe sunan ubansa da na ƙannensa, ka bari su su faɗa. Wanda ya ce "ai mu ne danginku" a rana ɗaya ya biyo da lambar asusu, ka yi masa godiya ka wuce. Ƙa'idata ita ce ba na rubuta abu da biro sai ya zo ta baki biyu da ba su haɗu ba, kafin nan fensir.

Mai son ƙarin zurfi, ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma lokacin ƙiyasta haraji, a ciki akan sami tarihin ƙauyuka da jerin dagatai da sana'o'in mutane. Akwai Arewa House a Kadunan, akwai Gidan Dan Hausa a Kano, na Nijar kuma sai Yamai.

Tafiya

Kafin ka ɗaura jaka ka tambayi halin hanya daga bakin mutanen wurin, ba daga labarin bara ba, don wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai matsalar 'yan bindiga, in aka ce kada ka zo to kada ka je, a yi ta waya da bidiyo har Allah ya kawo sauƙi. Ka shirya takardun tafiya da katin rigakafin shawara, ka tambayi direbobi halin iyaka. Bayan girbi ya fi, lokacin mutane na gida kuma hanya ta bushe.

In ka isa ba gidan da kake zato za ka dosa ba. Wajen mai unguwa ko dagaci za ka fara, a Nijar maigari, ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka durƙusa ka yi gaisuwa har ta ƙare, ka ajiye goronka, kuma goron Gana a can ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ka ce "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne daga Kumasi, kakanmu wane ɗan wane aka ce daga garin nan ya tafi Gwanja bai dawo ba, na zo neman dangi." Za a aika a kira tsofaffi da liman. Hausarka ta Zango za ta ba su dariya, za ka ce "ya" inda suke cewa "ta", ba komai, kai dai ka yi magana a hankali. Ka fito da hoto, ka bar su su yi ta gardama a tsakaninsu kana saurare, a irin gardamar nan ne wani zai ce ai gidan su wane akwai wanda ya tafi Gwanja aka yi ta jira. Abin da ka zo nema ke nan, labarinku daga ɗaya gefen, don su ma suna da wanda ya ɓace musu.

Ka faɗa da bakinka tun a zaure cewa ba gado ka zo nema ba, ba gona ba fili. In ba ka faɗa ba wasu za su rufe baki don tsoron ka zo raba musu gona. Ka nemi a nuna maka gidan ko kufansa, rijiya, masallaci, maƙabarta, ka yi wa mamata addu'a. Ka nemi a shigar da kai wajen tsofaffin mata a nan ma, ko ka tafi da 'yar'uwarka ta shiga. Sannan ka zauna da littafinka ka rubuta zuriyar waɗanda suka tsaya, daga ɗan'uwan Kaka har yaran yau, ka bar musu kwafin naku reshen da hotuna. Kada ka yi alkawarin da ba za ka iya ba, na kawo wani Gana ko gina masallaci, zumunta a ƙafa take, kira ranar sallah da zuwa in an yi rashi sun fi.

Abin da za ka iya tararwa

Wannan sai na faɗa don na ga ya girgiza mutane. Ba kowane mai jin Hausa a Zango ne kakansa ya fito ƙasar Hausa ba. Za ka iya bin sawu ka tarar ƙauyenku yana wajen Bawku ko Tumu ko Wahiguya ko Doso, Kaka Bamoshe ne ko Bagurunshe ko Bazabarme ko Basisale da ya musulunta ya auri Bahaushiya gida ya koma Hausa. Za ka iya tarar an kamo shi ne zamanin hare-haren su Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, aka sayar a kasuwar Salaga, ya tashi a gidan maigida ya ɗauki sunansa da garinsa. Za ka iya tarar gudun bauta ya yi ya shiga sojan Turawa, ko ya bar gida saboda rigimar sarauta ko bashi ko haraji. Ba abin kunya ba ne ko kaɗan, mutumin da aka raba da uwarsa yana yaro ya rayu ya kafa gidan da kai ka fito ya cancanci a san sunansa na gaskiya da garinsu. Ka rubuta yadda yake. Amma akwai bambanci tsakanin rubutawa da yaɗawa, maganar bauta ko ta cikin shege ko ta wanda ba ubansa ne ya haife shi ba tana iya kashe aure yau ɗin nan a Zango, don haka irin wannan shafi ka zauna da manyan gida a yanke wa zai gani, kada ya shiga guruf ɗin WhatsApp na dangi.

Ajiya

Muryoyin da ka ɗauka kada su kwana a waya kaɗai, waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa a trotro, motar haya. Ran da ka ɗauka ka tura wa kanka ta imel, ka sa a filashi, ka sa wa kowane fayil sunan mai magana da kwanan wata. Ka rubuta hirar da Hausar da aka yi ta, kalma da kalma, in za ka fassara wa yaran da suka fi jin Turanci ko Tonanci ka yi a shafi dabam. Bishiyar dangin kuma ka zana ta a babbar takarda, maza da mata duka, da layin fensir inda ba ka tabbatar ba, ka kai wa tsofaffin da suka ba ka labari ka karanta musu da ƙarfi, za su gyara maka wurare da dama kuma gyaran kan jawo sabon suna. Bayan nan ka buga kwafi, ɗaya a babban gida, ɗaya wajen dangi na Ankara ko Tamale, ɗaya a aika ƙauye, ɗaya wajen wanda ke Turai ko Amurka in akwai. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu ƙananan shekaru, su ne za su riƙa ƙara suna duk ranar suna da duk ranar da aka yi rashi, kuma a rubuta a bangon littafin inda sauran kwafin suke da lambar wanda ke riƙe da kowanne.